Hoton Ƙugunka Ni Na Ɗauka, Baba

Ranar Talata, goma sha ɗaya ga watan Maris, da misalin ƙarfe goma da kwata na safe, Allah ya karɓi ran shugaban ɗakin hoton ƙashi na asibitinmu, dattijon da kowa ke kira Baba Kar-ka-motsa. Ya rasu a gidansa yana da shekara hamsin da tara, bayan jinyar wata bakwai. Daga Allah muka zo, wurinsa za mu koma. Na sha faɗa wa mutane wannan magana a barandar asibiti. Wannan karon ni aka faɗa wa.

Baba, 'yarka ta fari ce ta kira ni. Lokacin akwai wata mata kwance a kan gadon hoto, na lanƙwasa mata gwiwa, na tura matashi a ƙarƙashi. Ka hana mu ɗaga waya muna da mara lafiya a gado, amma da na ga mai kiran sai na ɗaga. Ta ce, "Anti, Baba ya cika." Na ce, "To." Iyakar abin da ya fito daga bakina ke nan. Na mai da wayar aljihu, na gyara wa matar ƙafa, na koma bayan gilashi na danna maɓalli. Hoton ya fito sarai. Bayanta na ɗauki mutum goma sha bakwai kafin wata nas ta shigo ta ce me nake yi a nan, kowa ya tafi gidanka.

Yau kwana shida, ban yi kuka ba. Ina cin abinci, ina zuwa aiki, ina amsa gaisuwa. A gidanka ma, mata suna ta kuka, ni kuwa ina zaune ina kallon wuyan hannun wata baƙuwa, ina lissafin cewa ya taɓa karyewa kuma bai haɗe daidai ba. Na ji kunyar kaina, amma idon ya ƙi bari. An ce in rubuta wani abu a madadin ɗakinmu, tunda ni na fi daɗewa tare da kai. Zan rubuta abin da na sani, yadda ya zo mini.

Shekara goma sha biyu ke nan da aka turo ni ɗakinka, ina ɗauke da takardar makaranta da girman kai. Ka karɓi takardar, ka ajiye ba ka ko buɗe ba, ka ce in kira mutum na gaba. Wani direba ne da ya bugu a kafaɗa. Na nufi inji kai tsaye, sai ka tsayar da ni da hannu. Ka ce, "Ɗiyata, kafin inji akwai mutum. Tambaye shi inda ke masa ciwo, ki bari ya nuna miki da yatsansa." Daga nan ka ɗora tafinka a kan farantin ɗaukar hoton da zai jingina da shi, ka ce wa direban, "Malam, yana da sanyi fa, ka yi haƙuri." Na yi tsammanin don ina baƙuwa ka yi haka. Ashe kowa haka kake masa, daga na farko da safe har na ƙarshe da yamma, shekara talatin da huɗu.

Sunan nan naka kuwa, bakinka ya jawo maka. Sau ɗari a rana sai ka ce kar ka motsa, kar ki motsa. Ranar da aka tara ma'aikata za a yi mana hoton tarihi a bakin ƙofar asibiti, mai hoton yana ta gyara tsayuwa, shugaban asibiti yana ta gyara hula, sai muka ji muryarka daga layin baya: "Ranka ya daɗe, kar ka motsa." Shi ya sa a hoton nan kowa bakinsa a buɗe yake. Daga ranar har masu gadi da sunan suke gaishe ka, kai kuma kana amsawa.

Lokacin da na zo, da fim ake aiki. Akwai ƙaramin ɗakin duhu a bayan namu, mai warin sinadari, inda ake wanke hoto a rataye shi ya bushe. Ka yi shekara ashirin da biyar kana shiga ɗakin nan, har farcenka ya rine. Da aka kawo sabon inji, wanda ke jefa hoto a fuskar kwamfuta cikin daƙiƙa uku, mutane suka fara raɗa cewa tsohon nan tasa ta ƙare. Gaskiya ni ma na ɗauka haka. Ranar farko ka ɗaga linzamin kwamfutar sama kana nuna shi ga allo kamar tocila. Muka yi dariya har da riƙe ciki, kai ma ka yi. Washegari ka zo da ɗan littafi da biro, ka jawo kujera kusa da tawa, ka ce, "Malama, ɗalibinki ya iso." Da yatsa ɗaya kake buga sunan mara lafiya, kana karanta kowane harafi a fili. Wata uku ka yi a haka, ba ka ji nauyin tambayata abu ɗaya sau biyar ba. Bayan nan ba wanda ya sake raɗa. Ka gane yadda ake faɗaɗa hoto, yadda ake ƙara masa haske ko a rage, sai ya zama abin da idonka ke hange da ƙyar a fim yanzu kana iya nuna wa kowa shi ƙuru-ƙuru.

Amma ba ka yarda sauƙin ya lalata mu ba. Wata rana na ɗauki hannun wata yarinya sau uku, don na farko da na biyu sun ɗan karkace. Ba ka ce komai ba a gaban uwarta. Da suka fita ka rufe ƙofa ka ce, "Don babu fim da zai ɓaci, ko? To hasken nan ba iska yake shiga ba, jikin 'yar mutane yake shiga. Ki ɓata minti biyar wurin saiti, ki ɗauka sau ɗaya." Ba zan ce ba ka da zafi ba, Baba. Ranar da na manta ban sa alamar hagu da dama a hoton wani ba, kwana biyu ba ka yi mini magana ba sai ta aiki. A na uku ka ajiye mini kofin shayi a kan tebur, ka ce akwai wanda aka taɓa ɗaure wa ƙafa mai lafiya saboda irin wannan mantuwa, kuma ka ga mutumin da idonka. Ban sake mantawa ba.

Ina tuna maginin nan da ya faɗo daga kan tsani ya dafa ƙasa da hannu. Hoton farko bai nuna komai ba. Likitan da ke aiki ranar sabo ne, ya ce targaɗe ne, a ba shi magani ya tafi. Mutumin har ya sa takalmi. Ka kama hannunsa, ka danna ɗan kwarmin da ke gindin babban yatsa, sai ya yi tsalle kamar an ɗana masa wuta. Ka je ka samu likita, ka sunkuyar da kai ka ce, "Likita, idona ya tsufa. Ko za ka ba ni izini in ɗauko wani gefen ka duba mini?" Ka karkata hannun, ka ɗauka, ka faɗaɗa. Ga tsaga nan siririya kamar silin gashi a wani ɗan ƙashi na wuyan hannu, irin wanda in aka bar shi ba a ɗaure ba yakan iya hana mutum riƙe cebur har ƙarshen rayuwarsa. Likitan ne ya nuna wa maginin tsagar, kai kana tsaye daga baya kamar ba ruwanka. Bayan wata huɗu mutumin ya dawo da kwanon siminti a kai, ya gyara matakalar ƙofarmu da ta daɗe a fashe, wadda keken marasa lafiya ke ta tuntuɓe a kanta. Ya ce da wannan hannun ya yi. Har yau ita muke takawa.

Ga tsohuwar nan kuma da ta zame a banɗaki, 'ya'yanta maza biyu suka kawo ta. Ta ga inji a rataye a samanta, ta ƙanƙame gefen gado, ta ce ba za ta kwanta ba, an gaya mata abin nan yana ganin cikin mutum duka. Ka durƙusa har fuskarka ta zo daidai da tata. Ka ce, "Inna, wannan injin jahili ne, ƙashi kawai ya sani. Duk abin da kika ɓoye wa surukanki yana nan a wurinki." Ta yi dariya, ta saki gadon.

Abu ɗaya ka fi nanata mini: ba mu ke faɗin sakamako ba. Ko me muka gani a allo, amsarmu ɗaya ce, likita zai yi bayani. Ka ce mara lafiya ba allo yake kallo ba, fuskar mai hoto yake kallo ta cikin gilashi, don haka in koyi riƙe fuskata. Na koya. Ina ganin na ƙware.

Tun farkon bara ka fara ɗingishi. Na gani. Kowa ya gani. Ka ce tsufa ne, ka ce rigar darma ce da muke sawa ta yi wa bayanka nauyi shekara da shekaru. Ina ganin kana haɗiyar ƙwayar rage ciwo da ruwan famfo tsakanin mara lafiya da mara lafiya. Wata shida ina gani. Injin yana nan taku biyar daga kujerarka. Sau biyu na ce, Baba, ka bari a duba ƙugun nan. Ka ce layi ya yi tsawo, ba za ka tsallake mutane ba. Na yi shiru, don ban saba yi maka musu ba. Wannan shirun shi nake juyawa yanzu. Likitan ƙashi ya ce mini ko da an duba tun lokacin, da wuya ya canza wani abu. Na ji shi, amma maganar ba ta zauna ba.

Wata ranar Alhamis da la'asar, bayan mutum na ƙarshe ya fita, ka ciro takarda daga aljihu ka miƙo mini. Likitan ƙashi ne ya rubuta: hoton ƙugu da cinyar hagu. Sunanka ne a sama. Ka cire agogo da makullai ka zuba a kwanon da muke ba marasa lafiya. Ka hau gado da kanka, ka haɗa manyan yatsun ƙafarka yadda ake yi, kana cije leɓe. Ka ce in ƙara sauko da inji kaɗan, na yi sama da yawa. Na sa alamar hagu. Na koma bayan gilashi. Ban iya faɗa maka kalmomin nan naka ba, sai kai ka faɗe su da kanka kana kallon silin, kana 'yar dariya. Na danna.

A zamanin fim da na samu minti goma a ɗakin duhu ni kaɗai. Wannan kuwa kafin in ɗauke yatsa hoton ya cika allo. Ƙashin ƙugunka da saman cinyarka duk ramuka ne, manya da ƙanana, kamar katakon da gara ta ci ta ciki. Na sha ganin irinsa a jikin mutanen da ban sani ba. Na ɗago kai, na tarar ka juyo kana kallona.

Ban san me fuskata ta yi ba. Ka sauko a hankali, ka dafa bango har ka iso, ka sa tabarau. Ka karɓi linzamin daga hannuna, ka faɗaɗa, ka rage haske, ka matsa gefe, kamar hoton wani ne aka kira ka ka duba. Ka daɗe. Sannan ka ce, "Hoto ya yi kyau. Saitinki daidai." Ka cire tabarau ka ninke. Ka ce, "Tura wa likita." Na tura. Ka ɗauki agogonka kana ɗaurawa, ka ce, "Mamanku za ta kira ki. Ki bar mini wannan, ni zan gaya mata in an gama gwaje-gwaje."

Ta kira kuwa, tun kafin in isa gida. Ta ce, "Ɗiyata, me kuka gani a ƙafar Babanku?" Matarka ce fa, wadda ta zauna da ni a asibiti ranar da na haifi ɗana na fari. Na ce, "Mama, likita zai yi bayani." Kwana tara ina ba ta wannan amsa. Gwaje-gwajen suka nuna ciwon daji ne da ya taso daga ƙoda ya bazu cikin ƙashi. Ka gaya mata da kanka, kamar yadda ka ce.

Ka ci gaba da zuwa aiki sati biyar, kana zaune a gaban allo, ni ina saiti. Ka sa na kawo littafi, kana faɗa ina rubutawa: yadda ake ɗaukar kafaɗar wanda ba zai iya ɗaga hannu ba, yadda ake lallaɓa wanda aka kawo daga haɗarin mota ba tare da an motsa wuyansa ba, wace waya ce ke kwancewa a bayan inji in ya ƙi tashi. Ba ka taɓa cewa don me kake faɗa ba, ni ma ban tambaya ba.

Sai cinyar ta karye. Ba faɗuwa ka yi ba, tashi kawai ka zo yi daga kujera a falonka. Aka yi maka aiki, aka sa ƙarfe. Ni na tura ƙaramin inji mai taya zuwa ɗakin da aka kwantar da kai don a ga zaman ƙarfen. Ka rame har farantin ya shige ƙarƙashinka ba wahala. Na ɗora tafina a kansa kafin in tura, na ce yana da sanyi. Ka ce, "Na sani." Da hoton ya fito ka ce in juyo maka da allon. Ka duba, ka ce likita ya iya aikinsa. Daga nan ka tambaye ni mutum nawa na bari a layi, ka ce in koma.

Bayan an sallame ka nakan zo duk ranar Asabar da hantsi. Ba ka yi mini zancen ciwo ba ko sau ɗaya. Sai dai ka tambayi inji, ka tambayi sabon ma'aikacin da aka turo ko yana gaishe da mutane kafin ya taɓa su. Asabar ta ƙarshe ba ka yi magana sosai ba. Da zan tafi ka ce, "Allah ya yi miki albarka." Na ce amin, sai wani satin.

Ranar da aka kai ka, na je na durƙusa gaban Mama ban iya haɗa ido da ita ba. Ta kamo hannuna ta riƙe. Ta ce, "Tun kiran farko na sani. Muryarki ce ta gaya mini. Amanarsa kika riƙe, ban ƙullace ki ba." Na ce na gode. Ko a nan hawaye bai zo ba. Na tashi na shiga wanke kofuna.

Yau da safe wani dattijo ya zo hoton duba ɗori, wanda ka ɗauka a bara da ya karye a idon sawu. Na kwantar da shi, ina gyara masa ƙafa, sai ya waiwaya ya ce, "Yarinya, ina tsohon nan mai barkwanci?" Na ce Allah ya yi masa rasuwa ranar Talata. Shi ne karo na farko da na faɗa da bakina. Sai dattijon ya ɗaga hannuwansa biyu yana kwance a kan gadon, ƙafa ɗaya ba takalmi, ya shiga yi maka addu'a. Bai san sunanka ba. Yana cewa, Allah, bawanka mai hoto. Akwai mutum ashirin a layi. Na saki inji, na tsaya a gefensa, na ɗaga nawa hannun har ya shafa.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka. Ka gafarta masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka sa ciwon da ya sha wata bakwai ya zama wankin zunubansa. Ka yalwata masa kabarinsa, ka sanyaya shi, ka haskaka shi. Duk wanda ya taka ƙafa ko ya ɗaga hannu ya nemi abincin iyalinsa ta dalilin aikin wannan bawa naka, ka sa masa ladan a mizaninsa. Ka sada shi da iyayensa a Aljanna Firdausi.

Ina miƙa ta'aziyyata, da ta dukan ma'aikatan ɗakin hoto, ga Mama, wadda ta yi jinya ba ta taɓa cewa ta gaji ba, ga 'yarsa ta fari da ƙannenta uku, ga jikokinsa, ga ƙanwarsa da ta baro nata gidan ta zo ta zauna da su har ƙarshe, da duk wanda wannan rashi ya taɓa. Allah ya ba ku haƙuri, ya tsaya muku a inda ya saba tsayawa. Mu da muka rage, Allah ya sa mu cika da imani in tamu ta zo.

Baba, na yafe maka, in ma akwai abin yafewa. Kai ma ka yafe mini. Allah ya jiƙanka.

Daga ɗiyarka ta wurin aiki.